Yadda Ake Fentin Ɗaki da Ruwan Hoda Mai Sirkin Ruwan Ƙasa

Akwai wani launi da ke tsakanin ruwan hoda da ruwan ƙasa, wanda bai kai ja ba, bai kuma yi hasken hodar da ake gani a kayan jarirai ba. Ya fi kama da sabuwar tukunyar ƙasa wadda ƙura ta ɗan hau kanta. Masu kamfanonin fenti suna ba shi sunaye iri-iri, amma asalinsa ɗaya ne, wato farin fenti da aka haɗa da jan ƙasa, aka ƙara masa ɗan rawaya mai duhu, sannan aka kwantar da shi da ɗigon baƙi. Wannan sirkin na ruwan ƙasa shi ne yake hana shi ɗaukar ido, shi ne kuma dalilin da ya sa ake iya shafa shi a falon maigida ko ɗakin baƙi ba tare da wani ya ce an yi fentin yara ba. Sai dai launi ne mai saurin juyawa, domin bokiti ɗaya yana iya fitowa da kyau a wani ɗaki, ya koma ruwan goro ko ruwan hanta a ɗakin da ke kusa da shi. Saboda haka yawancin aikin yana gaban ɗaukar rola ne, kuma nan ne ya kamata a fi ɓata lokaci.

A fara da hasken ɗakin

Kafin a je kasuwa, a tsaya a ɗakin da safe, da azahar, da kuma bayan la'asar, a lura da inda rana take shigowa. Ɗakin da tagarsa ke kallon yamma yana samun haske mai ja-ja daga la'asar zuwa magariba, kuma wannan hasken yana ƙara wa launin zafi har ya karkata zuwa ruwan goro, don haka irin wannan ɗaki yana son haɗin da toka-tokarsa ta ɗan fi yawa. Wanda ke kallon gabas yana yin kyau da hantsi, amma da yamma yakan dusashe. A Kano, Katsina, Sakkwato, Maraɗi da Damagaram rana tana karkata kudu a lokacin hunturu, daga Nuwamba zuwa Fabrairu, sannan ta ɗan karkata arewa daga Mayu zuwa Yuli, wanda ke nufin tagar arewa ba ta samun rana kai-tsaye a yawancin shekara. A ɗaki mai irin wannan taga launin yakan nuna tokarsa, wani lokaci har ya yi kamar datti, saboda haka ana zaɓar masa haɗi mai ɗan ƙarin rawaya da haske.

Hasken dare shi ne abin da aka fi mantawa da shi, alhali da dare ne aka fi zama a falo. Ƙwan lantarki na zamani yana da lamba a jikin kwalinsa: wanda aka rubuta 6500K fari ne fat mai shuɗi-shuɗi, shi ne kuma aka fi samu a shaguna da fitilun sola, yayin da 2700K zuwa 3000K ke ba da haske mai ɗumi irin na tsohon ƙwai. A ƙarƙashin farin ƙwai wannan launi yakan koma ruwan albasa mai sanyi, a ƙarƙashin mai ɗumi kuwa ruwan ƙasarsa ne ke fitowa. A ra'ayina ƙwai mai 3000K ne ya fi dacewa da shi, amma wanda yake karatu ko ɗinki a ɗakin yana iya ɗaukar mai 4000K. Abin da ba ya yiwuwa shi ne a zaɓi fenti da wani irin ƙwai, bayan an gama aiki a saka wani daban, sannan a ɗora wa mai fenti laifi.

Bayan haske sai a dubi abubuwan da ba za a canza ba, musamman tayil ɗin ƙasa, ƙofofi, ƙarafan taga da manyan kujeru. Tayil mai ruwan madara, ko ruwan ƙasa, ko mai zanen katako yana tafiya da launin ba tare da wahala ba. Tayil mai ruwan toka da ya karkata zuwa shuɗi, wanda ya yi yawa a sababbin gidaje, yana sa bangon ya yi kamar ya fi ja, kuma maganinsa shi ne a ƙara ɗigon baƙi a haɗin don ya ɗan yi toka-toka ko a shimfiɗa kafet mai faɗi da zai raba tsakaninsu.

Samun launin da gwada shi

Hanya biyu ce. Ta farko ita ce a je shagon da ke da injin haɗa kala, a zaɓi lamba a katin kamfanin, injin ya zuba ma'auni daidai. Amfanin wannan hanya shi ne ko bayan shekara aka koma da lambar za a samu kusan abu ɗaya, don haka a rubuta lambar a adana. Idan aka zaɓa daga kati, a ɗauki wanda ya fi dusashewa da mataki ɗaya fiye da wanda ido ya fara so, domin launin da ke kan ɗan guntun takarda yana ƙara ƙarfi ninkin-ba-ninkin idan ya mamaye bango huɗu, bangon kuma suna haska wa juna shi.

Hanya ta biyu ita ce haɗin hannu, wanda yawancin masu fentinmu suke yi, kuma ba ta da laifi matuƙar an yi ta da ma'auni. Ana bukatar farin fentin ruwa mai kyau, da kalar ja ta ƙasa, da rawaya mai duhu, da baƙi. A nemi ja da rawayan da aka yi da sinadarin tsatsar ƙarfe, ba jan nan mai ƙyalli ba, domin na tsatsar ƙarfe yana jure rana da kaifin siminti, shi kuwa mai ƙyalli yakan koɗe, kuma tun farko ma hodar da yake bayarwa ta alewa ce. Kada a fara da babban bokiti. A auni rubu'in lita na farin fenti a kofi, a ɗebi ja da sirinji ana ɗigawa kaɗan-kaɗan ana juyawa, ana kuma rubuta yawan abin da aka zuba. Idan ya kai hodar da ake so, sai a ƙara rawaya kamar rabin abin da aka zuba na ja, a ƙarshe a sa baƙi da bakin tsinke, domin baƙi yana da ƙarfi ƙwarai, kuma ɗigo ɗaya da ya wuce kima yana iya mayar da kofin gaba ɗaya ruwan toka.

Gyaran haɗin yana da ƙa'ida mai sauƙi. Idan ya yi hoda da yawa, ana ƙara rawaya da ɗan baƙi tare. Idan ya karkata zuwa ruwan albasa, rawaya kaɗai yake so. Idan ya koma ruwan goro, rawayan ne ya yi yawa, sai a ƙara ja da ɗan baƙi. Idan kuwa ya yi duhu, babu magani sai farin fenti mai yawa, wannan ne ma ya sa ake tafiya daga haske zuwa duhu sannu a hankali. Da zarar an samu abin da ake so, lissafin babban bokiti ninki ne kawai: idan rubu'in lita ya ci mililita 3 na ja, lita ɗaya za ta ci 12, bokiti mai lita 20 kuma zai ci 240. Haka za a ninka rawaya da baƙi, sai dai yana da kyau a riƙe kashi ɗaya cikin goma na baƙin a hannu har sai an gwada babban haɗin.

Gwaji shi ne matakin da mutane suka fi tsallakewa, kuma shi ne ya fi kowanne muhimmanci. A samu farin kwali ko guntun silin mai faɗin aƙalla rabin mita kowane gefe, a shafa masa fentin sau biyu, a bar shi ya bushe sarai. Ba a yanke hukunci a kan ɗanyen fenti, domin fentin ruwa mai kyau yakan ɗan ƙara duhu idan ya bushe, mai arha wanda alli ya yi wa yawa kuma yakan yi fari-fari. Amfanin kwali a kan shafawa a bango kai-tsaye shi ne ana iya ɗaukar sa a jingina kusa da taga, a mayar da shi lungu mafi duhu, a ajiye shi a ƙasa kusa da tayil, a kuma kara shi da labule da kujera. Tsohon launin bangon ma yana yaudarar ido, musamman idan shuɗi ne ko kore, don yana sa sabon ya yi kamar ya fi ja. A bar kwalin a ɗakin kwana biyu, a dube shi da rana da dare, kuma a bar uwargida ko duk wanda zai fi zama a ɗakin ya gani kafin a sayi bokiti.

Irin fenti da yawansa

Ga bangon falo da ɗakin kwana, fentin ruwa marar sheƙi shi ne ya fi fito da taushin launin, yana kuma ɓoye ƙananan kurakuran filasta. Illarsa ita ce ba ya son goga sosai. A gidan da ke da yara, ko a zaure, ko a hanyar wucewa, gara a ɗauki mai ɗan santsi wanda ake iya gogewa da jiƙaƙƙen tsumma. Fentin mai, mai sheƙi sosai, bai dace da faɗin bango ba a wannan launi, domin sheƙin yana kashe kwanciyar da aka zaɓe shi dominta. Wurinsa ƙofa, ƙarfen taga da katakon gindin bango. Akwai tsohuwar dabarar raba bango biyu, a yi wa ƙasa, kimanin mita 1.2 daga daɓe, fenti mai goguwa da ya ɗan fi duhu, sama kuma a yi mai haske. Dabara ce mai kyau a nan, domin ruwan ƙasa mai duhu a ƙasa da hodar a sama 'yan gida ɗaya ne.

Lissafin yawan fenti ba shi da wuya. A ɗauki ɗaki mai ƙafa 12 kowane gefe, wato kimanin mita 3.6, da tsayin mita 3. Kewayensa mita 14.4 ne, idan aka ninka da tsayi ya zama murabba'in mita 43, a cire ƙofa ɗaya da taga biyu ya rage kimanin 38. Shafi biyu ke nan 76. Fenti mai kyau a kan bango mai santsi yana rufe kusan murabba'in mita 10 da lita ɗaya, saboda haka ana bukatar lita 8, wato galan biyu masu lita huɗu-huɗu. Bango mai kaushi ko sabuwar filasta na shan fiye da haka, fenti mai arha kuma yakan bukaci shafi na uku. A ko da yaushe a ƙara aƙalla lita ɗaya a kan lissafi, musamman idan haɗin hannu ne, domin idan fenti ya ƙare saura rabin bango, da wuya a sake haɗa irinsa sak. Idan galan ko bokiti ya fi ɗaya, ko da daga inji suka fito, a juye su duka a babban mazubi ɗaya a gauraya kafin a fara.

Shirya bango

A fitar da abin da za a iya fitarwa, sauran a tara a tsakiya a rufe da leda, a shimfiɗa leda ko tsofaffin buhuna a ƙasa, a kwance murfin soket da makunnin wuta bayan an kashe lantarki. A share yana da ƙura daga silin zuwa ƙasa, a kankare duk fentin da ya ɗaga, a cike tsaga da ramukan ƙusa, idan sun bushe a bi su da sanfefa. A shafa tafin hannu a tsohon fentin. Idan ya fito da farin gari, to bangon yana bukatar a wanke shi ko a goge, a sa masa fentin share fage mai kama gari, wato shafin da ake fara yi kafin ainihin fentin, in ba haka ba sabon zai ɓare tare da tsohon. Idan tsohon fentin na mai ne, sai an kashe sheƙinsa da sanfefa kafin fentin ruwa ya kama. A nan akwai bukatar hattara, domin wasu tsofaffin fentin mai suna ɗauke da dalma, wadda ƙurarta ke cutar da yara da masu juna biyu. A jiƙa sanfefar a goga da ruwa, a rufe hanci, a kuma nisanta yara daga wurin har a gama shara.

Danshi shi ne babban abokin gabar wannan launi. A dubi gindin bango, musamman wanda ke jikin banɗaki ko wanda ruwan indararo ke dukansa ta waje. Idan akwai farin gishiri da ke tsattsafowa, ko fenti ya kumbura, to ruwa na shiga, kuma a kan launi mai ɗan duhu farin tabon ya fi fitowa fili fiye da yadda yake yi a farin bango. Sai an toshe inda ruwan ke shigowa, an kankare gishirin a bushe ba tare da wankewa ba, an bar wurin ya sha iska, kafin a yi maganar fenti. Sabuwar filastar siminti kuma tana son aƙalla mako huɗu kafin a rufe ta, sannan a fara da fentin share fage mai jure kaifin siminti. Wannan yana da nauyi a kan masu gyaran ɗakin amarya, inda ake yin filasta yau, fenti jibi, jere gata. Idan lokaci ya ƙure, gara a yi farin shafi ɗaya mai ruwa-ruwa a dakata, a yi launin bayan biki, da a yi shi a kan ɗanyen bango ya yi dabbare-dabbare kafin wata uku.

Wanda yake da hali ya yi wa bangon sikiridin, wato siririn shafen da ke mayar da filasta sumul, domin launi marar sheƙi a kan bango mai santsi shi ne yake ba da kyan da ake gani a hotuna. Ginin ƙasa kuwa hukuncinsa daban ne: fentin kamfani mai roba a cikinsa yana toshe numfashin bangon har ya ɓare, saboda haka farar ƙasa da aka sirka da tataccen jan ƙasa ta fi dacewa da shi, kuma tana ba da kusan wannan launi.

Shafawa

Lokacin aiki yana da tasiri. A tsakiyar hunturu da kuma zafin Maris zuwa Mayu fenti yana bushewa tun yana kan rola, abin da ke barin sawu a bango, a watan Agusta kuma danshi yana jinkirta bushewa. Idan dole a yi a lokacin zafi, a fara da sassafe, a kashe fanka yayin shafawa, a rufe tagar da iska ke kaɗo ƙura ta cikinta, a kuma yayyafa ruwa a tsakar gida don ƙurar ta kwanta.

A fara da silin, domin abin da ya ɗiga a bango za a rufe shi daga baya. Farin silin fat yana sa bangon ya yi kamar ya fi hoda, saboda haka gara a karya farin da kofi ɗaya na fentin bangon a cikin galan, ko a yi amfani da ruwan madara. A ƙaramin ɗaki mai gajeren silin ana iya shafe silin ɗin da rabin ƙarfin launin bango, sai iyakar da ke tsakaninsu ta ɓace, ɗakin ya yi kamar ya fi tsayi. Idan silin ya bushe, a manna salatif na takarda a gefen ƙofa, taga da gindin bango.

A juya fentin tun daga gindin bokiti na tsawon mintuna, domin jan ƙasa yana da nauyi, yana kwanciya a ƙasa, kuma a ci gaba da juyawa lokaci-lokaci har a gama. Game da ruwa, a bi abin da kamfani ya rubuta a jikin bokiti, wanda yawanci bai wuce kashi ɗaya cikin goma ba, sai dai shafin farko a kan sabon bango da ake ɗan ƙara masa. Wannan wuri ne da ya kamata maigida ya tsaya da kansa, domin akwai masu fentin da ke tsinka bokiti ɗaya ya yi aikin biyu, sakamakon kuwa shi ne launi mai raurawa wanda tsohon bango ke leƙowa ta cikinsa. Tun wajen ciniki a yi magana a fili a kan yawan shafi, da wanda zai sayi kaya, da kuma cewa ruwan da za a zuba da kofi za a auna shi, iri ɗaya a kowane zubi.

Ana yin bango ɗaya-ɗaya ne. A ɗauki buroshi mai faɗin inci biyu ko uku a bi kusurwoyi, ƙarƙashin silin da kewayen soket, sannan nan take, tun gefen bai bushe ba, a bi da rola. Idan aka zagaye ɗakin gaba ɗaya da buroshi aka dawo da rola bayan awa guda, za a ga zobe mai duhu ya kewaye kowane bango, kuma a wannan launi zoben yana fitowa ƙarara. A tsoma rolar a murza ta a faranti har ta daina ɗiga, a fara daga gefen taga, a shafa faɗin kamar mita ɗaya daga sama zuwa ƙasa, kowane sabon layi ya hau kan rabin na baya tun yana ɗanye. A ƙarshen kowane yanki a bi da rolar sau ɗaya daga sama zuwa ƙasa ba tare da dannawa ba, don sawun ya fuskanci gefe guda. Ba a tsayawa hutu a tsakiyar bango. A kai kusurwa tukuna. Idan aka hango wani wuri da bai rufu ba bayan ya fara bushewa, a ƙyale shi, shafi na biyu zai gyara, domin komawa kansa yana yage fatar fentin.

Shafin farko kullum yana da ban tsoro, yakan fito da dabbare da haske fiye da kwalin gwaji, kuma a nan ne mutane suke ruɗewa su ce a ƙara kala. Kada a ƙara komai. A jira awa biyu zuwa huɗu, ko abin da aka rubuta a bokiti, a yi na biyu kamar yadda aka yi na farko, sannan a kwatanta da kwalin washegari. A cire salatif tun fentin bai gama ƙarfi ba, ana jan sa a karkace a hankali. Ƙofofi da ƙarafa su ne na ƙarshe, kuma fentin mai yana son kwana ɗaya tsakanin shafi da shafi, tare da buɗe tagogi saboda warinsa.

Abin da ke tafiya da shi

Ba dole ba ne a shafe bango huɗu. Wanda yake shakka yana iya farawa da bangon bayan gado ko na bayan doguwar kujera, sauran ya yi musu ruwan madara mai ɗumi. Sai dai ni na fi son a yi ɗakin gaba ɗaya da haɗi mai haske, domin bango ɗaya tilo a tsakiyar farare yakan fi nuna hodarsa, alhali idan ya kewaye ɗakin ido yana sabawa da shi ya ɗauke shi kamar ruwan ƙasa mai taushi.

Wajen kaya, launin yana son abin da aka yi da hannu: katako mai duhu, tumtum na fata, tabarma, faifai da aka rataya, kwanon tagulla. Shuɗin baba irin na marinar Ƙofar Mata da ke Kano yana zama a kansa da kyau ƙwarai, ko a matashin kujera ko a zanen da aka shimfiɗa, haka ma kore mai duhu irin na ganyen zaitun, da baƙi kaɗan a ƙarfen taga ko firam ɗin hoto. Labule ya kasance ruwan madara, ko ruwan ƙasa da ya fi bangon duhu, kuma marar sheƙi. Abin da ke faɗa da shi shi ne ja mai ƙyalli, rawaya irin ta lemun tsami, da hoda mai haske, domin kusa da su bangon yakan yi kamar ya tsufa. Idan kujerun da ake da su jajaye ne masu ruwan zinariya, kuma ba a da niyyar sauya su, gaskiyar magana ita ce a nemi wani launin.

A kicin a yi amfani da mai goguwa, kuma kada a kai shi bayan murhu inda mai ke fallatsa, nan wurin tayil ne. A banɗaki a tsaya a saman tayil, inda ruwa ba ya kaiwa.

Kula da shi bayan an gama

Fentin ruwa yana bushewa a taɓa cikin awa ɗaya ko biyu, amma ba ya gama ƙarfi sai bayan mako biyu zuwa huɗu, don haka a wannan tsakani kada a wanke shi, kada kuma a manna kujera ko katifa a jikinsa. Bayan haka, ƙurar hunturu ana kakkaɓe ta da busasshen tsumma mai laushi ko tsintsiyar gashi daga sama zuwa ƙasa. Ɗaya daga cikin alfanun launin shi ne ƙurar ba ta nunawa a kansa kamar yadda take yi a farin bango. Tabon hannu ana goge shi da soso mai laushi da ruwan sabulu kaɗan, ba tare da dirzawa ba, domin dirza tana barin sheƙi a fenti marar sheƙi.

Ragowar fentin a juye shi a ƙaramar roba mai murfi wadda zai cika ta, saboda iskar da ke cikin babban bokiti ce take busar da shi. A rubuta a jikinta sunan ɗakin, ranar aiki, da lambar launin ko ma'aunin haɗin, a ajiye ta a inuwa nesa da zafin kwano. Idan bukatar gyara ta taso, a juya shi sosai, a ɗiga da ƙaramin buroshi ko guntun soso a kan tabon kaɗai, ana dannawa maimakon ja. Idan wurin ya fi tafin hannu biyu faɗi, ko kuma fentin ya haura shekara biyu a bangon da rana ke duka, faci zai nuna, sai a sake shafa wannan bangon gaba ɗaya daga kusurwa zuwa kusurwa.